Dattijon Bakin Kwalbati

Ni ce na ɓata wa dattijon nan suna, da hoto guda ɗaya.

A lokacin ɓarayi sun addabe mu a layinmu na Garki. Yau a cire madubin motar wannan, gobe a ɗauke batirin wancan, da rana tsaka, muna ofis. Da abin ya ishe mu sai muka fara zama da 'yan sandan yankin duk Asabar ɗin ƙarshen wata, a harabar wata firamare. Aka haɗa mu da wata sufeto 'yar Filato, doguwa, marar son hayaniya. Ta buɗe mana guruf a waya don sanarwa, ta ce wanda ya ga baƙuwar fuska tana yawan zagaye ya tura mata hoton ita kaɗai, za ta zo ta duba. Ita kaɗai ta ce, da kunnena na ji. To ni in raina ya ɓaci ba na tuna wata ƙa'ida, kuma sau biyu aka cire mini madubi a wata ɗaya.

Ina hutun shekara na lura da dattijon. Talata uku a jere, wajen sha ɗaya na safe, yana zaune a kan kwalbatin da ke fuskantar benenmu, da tsohon kwat, da leda a hannu, idonsa a kan tagar falona. Na ce yauwa, ga ɗan leƙen asirinsu! Na ɗauke shi hoto ta bayan labule, na watsa a guruf, na rubuta a kula da shi. Kafin la'asar ƙanwata da ke Kubwa ta turo mini hoton, wani ya riga ya rubuta masa "ogan ɓarayin mota".

Sufeto ta kira ni. "Hajiya, ba haka muka yi ba."

Na ce, "Ranki ya daɗe, da motarki aka taɓa da ba ki ce haka ba."

Ba ta biye mini ba. Ta sanar a guruf cewa kada kowa ya taɓa shi, don masu gadin layin har sun tanadi sanduna. Ran Talata ta zo cikin kayan gida, ta zauna kusa da shi a kan kwalbatin, suka daɗe suna magana. Sannan ta aiko in sauko.

Ashe tsohon ma'aikacin gwamnati ne, mutumin Binuwai. A gidan da nake ciki ya yi zamansa na aiki, a nan matarsa ta haifi 'ya'yansu duka. Da gwamnati ta sayar da gidajen bai samu saye ba, ya koma Mararaba, can matar ta rasu. Duk Talata yana zuwa asibiti duba hawan jini, in ya fito sai ya tako ya zauna ya ɗan kalli gidan.

Wallahi ji na yi kamar in nutse a wurin. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "'Yata, tsoro ne, na gane. Amma hoton ya isa cocinmu. Ni nake riƙe makullan sito tun da na koma can. Ran Lahadi dattawan cocin suka ce in ba da su tukuna, sai magana ta fito fili."

Sufeto ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta tsaya a kaina na rubuta ban haƙuri da cikakken bayani, aka ɗauke mu hoto mu uku, na saka a guruf. Ran Lahadi ta sa kakinta ta tafi Mararaba, alhali ba yankinta ba ne, ba ma jiharta ba. Na bi ta da mayafina, muka tsaya gaban dattawan cocin, ta yi bayani, ni ma na faɗi abin da na yi da bakina. A gabanmu suka mayar masa da makullan, amma na ga yadda wasu mata ke kallonsa ƙasa-ƙasa.

Ɓarayin kuwa an kama su daga baya, samari ne masu zuwa da mota mai kyau, sanye da kaya kamar ma'aikatan banki.

Ban haƙurin nawa, a iya sanina, bai wuce layinmu ba. Hoton farko kuwa yana nan yana yawo. Ko a watan jiya wata abokiyar aikina ta turo mini shi daga wani guruf na Kaduna, ta ce in kula, wai a Garki yake ta'asa. Na kira ta na yi mata bayani tun daga farko. Ta ce, "Ayya, ai na riga na tura wa mutane."