Yaya Sabuwa da Turmin Sulhu

Ku da kuka san Yaya Sabuwa, ku faɗi tsakani da Allah: akwai wanda ya taɓa ganinta babu ludayi soke a ƙugu? Da shi take zuwa biki, da shi take zuwa gaisuwar mutuwa. Ranar da muka kai ta asibiti likita ya ce ta ajiye, ta ce, "Ɗan nan, kai ma ajiye wannan igiyar da ka rataya a wuya." Ni ƙanwarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya, amma ƙeyata ta san ludayin nan kamar ta kowa.

Ita ce uwar 'yan girki a nan Sabo. In za a yi biki ko suna, wurinta ake zuwa, ita ke karɓar aiki ta raba mana. Mu kuwa duk zawarawa ne. Girkin nan shi ne cinmu, shi ne suturar 'ya'yanmu. Ga alase na Mokola, Yarabawa masu girkin biki, sun kasa kunne, jira suke mu watse su kwashe mana Alhazai. Mu kuma, Allah na tuba, kamar kaji a akurki ɗaya, kullum sai an caki juna.

In mace ta zo neman aiki, Yaya ba ta tambayarta ko ta iya. Tukunya za ta ɗora mata, ta jawo kujera, ta rage murya. Haka ta yi wa Jummai.

"Ke, kin ji abin da ya faru a gidan mai shanu?"

Jummai ta saki muciya, ta matso. "A'a Yaya, me ya faru?"

"Tuwonki ne ya ƙone. Ki gaida gida."

Jummai ta tafi tana kuka. Washegari Yaya ta aika aka kira ta, ta ba ta wanke-wanke, wai a can kunne ba ya ƙona komai. Ita fa ba ta korar mutum, sai dai ta sauya masa tukunya.

Wata rana ta lodo mu a motar danfo sai kasuwar Bodija, sayen kayan miya. Wani Bazazzage ya ce attarugunsa ko aljani bai iya tauna shi. Yaya ta zaɓi babba, ta jefa a baki, ta tauna a gabanmu. Wayyo! Ido ya yi ja, hawaye shar, har haɓa.

Na ce, "Yaya, kuka kike?"

Ta ce, "Tausayinsa nake ji. Bawan Allah ya ɗauko tumatir tun daga Zariya yana ce masa attarugu."

Mutumin ya rage kuɗi don kunya. Muna shiga mota ta shanye ruwan kowa, har na kwandasta, sannan ta ce, "Wadda ta faɗa, ta koma wanke-wanke. Uwar aiki ba ta cewa wash a gaban 'ya'yanta."

Ana nan, ana nan, lokacin da okada ta fara yawa a Sabo, wani Alhaji mai goro zai yi wa ɗansa aure, baƙi tun daga Kano. Sai Yaya ta ɗauki miyar taushe, miyar da ni ke yi tun fil azal, ta ba Talatu, wata abokiyar girkinmu. Na ce miyar Talatu ruwan wanka ce. Talatu ta ce tuwona in ya faɗo wa mutum a ƙafa sai an nemo maɗori. Har gobe ina kan bakana, ni ke da gaskiya. To, mata suka rabu biyu, rabi nawa, rabi nata, ko gishiri ba a miƙa wa juna. Magana ta kai kunnen Hajiyar gidan biki, ta aiko cewa in ba mu shirya ba, alase za ta kira.

Yaya ta tara mu a tsakar gida. Na buɗe baki, "Yaya, ita ce fa ta fara..."

"Ni alƙali ce? A kawo turmi!"

Aka kawo turmi ɗaya, taɓarya biyu, aka zuba gero.

"Ku yi mini lugude, sai ya zama gari."

Yaran yanzu, lugude shi ne mata biyu a turmi ɗaya: wannan na ɗagawa, waccan na saukewa. Dole ki kalli 'yar'uwarki, ki bi numfashinta. Mu kuwa kowa ta kau da kai. Ƙwas! Taɓarya ta haɗu da taɓarya. Ƙwas! Gero ya watse, kaji suka yi sallah.

"Talatu, da gangan kike!"

"Ke ce hannunki kamar na raƙumi!"

Yaya na zaune tana kaɗa mana langa. "Ku daka, ku daka, gero bai san wa ya fara ba."

Ina cikin huci ɗankwalina ya zame ya faɗa turmi. Talatu ta kasa tsayar da hannu, ta kirɓa masa taɓarya, tim! Ta ciro shi fari fat, ta miƙo mini, ta ce, "Ungo, na surfa miki."

Jama'a, ban san sanda dariya ta ƙwace mini ba. Na dafa Talatu, Talatu ta dafa turmi, mata suna ta faɗuwa.

Yaya ta ce, "Na ce ku tsaya?"

Muka koma. Tim-tam, tim-tam, har da wurga taɓarya sama a tafa a cafe, maƙwabta na leƙe ta katanga. Alase ko ƙanzon bikin nan ba su gani ba. Miyar kuwa? Yaya ta yi abarta da kanta, mu biyu muka fere mata kabewa.

Ranar da Allah ya karɓi abinsa, ni da Talatu muka yi wa Yaya wanka. Ina zuba ruwa, tana bi da hannu. Hannunmu bai yi karo ko sau ɗaya ba.

Allah ya jiƙan Yaya Sabuwa. Yadda ta rufa wa zawarawa asiri, Allah ya rufa mata nata, ya sanyaya makwancinta. Amin.