Ranar da na kutsa zaman makoki ina neman taron masu barin giya

Shekarun baya, lokacin da nake direban wani gida a Jidda, muna zaune a unguwar Madain Fahd ni da matata, giya ta kama ni. Kar ku tambaye ni yadda ake samunta a garin da aka haramta ta. Ana samu, irin wadda ake dafawa a ɓoye a ɗura a robar ruwa. Da ranar hutu na fara, har ta kai sai na kurɓa nake iya karyawa.

Wata safiya ina kai mahaifiyar kafilina, wato ubangidan da ya ɗauke ni aiki, asibiti, hannuna ya kama rawa a kan sitiyari, saura ƙiris in hau bayan wata babbar mota. Da na koma gida na faɗa wa matata, sai ta ce, "Maigida, na gaji da ce wa maƙwabta zazzaɓi kake yi. Ko ka nemi magani, ko ka saya mini tikitin Kano."

To wa zan tambaya? In na je asibiti, tsoro nake a sanar da kafili, iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, ta tafi. Na duba a waya, duk abin da ya fito da Turanci ne, kuma na wasu ƙasashe. Ƙarshe na cire kunya na samu abokina, Bahaushen Sudan da ke aiki a kantin magani a unguwar Mahjar.

Ya rage murya ya ce, "Akwai wasu da ke haɗuwa duk Juma'a bayan la'asar. Ba likita, ba malami. Dukansu mashaya ne da suka daina."

Na ce, "Mashaya ne za su warkar da mashayi?"

"Yalla, ka je ka gani. Gini mai ruwan ƙasa bayan masallaci, hawa na biyu."

Ranar Juma'a na tafi. Ni a lissafina ƙasa ne hawa na farko, don haka bene ɗaya na hau. Na tarar da ƙofa a buɗe, takalma jibge, maza zaune cikin fararen riguna, kowa ya sunkuyar da kai. Wani ya riƙe hannuna ya yi mini godiya, aka ba ni gahawa da dabino. Na zauna ina satar kallon dattawan nan masu furfura, ina cewa a raina, ikon Allah, har da waɗannan?

Na kusa awa ɗaya ina jira a fara. Ba wanda ya ce uffan. Na ce wataƙila haka maganin yake, a zauna a yi ta nadama. Da na gaji, na matsa kusa da tsohon da ke gefena, na ce da Larabcina na kasuwa, "Baba, ni shekara huɗu ke nan. Kai fa?"

Ya share ido ya ce, "Ni shekara arba'in muna tare da shi. Allah ya jiƙansa."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe gidan rasuwa na shigo. Na yunƙura zan tashi, tsohon ya kama wuyan hannuna, ya dubi yadda yake rawa, ya dube ni.

"Ba nan kake nema ba ko, ɗana?" in ji shi a hankali. "Sama ne. Ɗan ƙanena ma can yake zuwa. Ƙarasa gahawarka tukuna."

Na daɗe a tsaye a matakala ina tunanin ko tarko ne, kafin na ƙwanƙwasa. Mutum takwas na samu: Bamisre, ɗan Indiya, ɗan Filifin, da 'yan ƙasa. Rabin maganar Turanci, rabi Larabci, ni kuwa ina tsintar kalma ɗaya ina zubar da uku. Mutum zai faɗi sunansa ya ce shi mashayi ne, sai sauran su gaishe shi da fara'a kamar ya dawo daga aikin Hajji. Kaina ya ƙara ɗaurewa.

Da aka zo kaina, Larabcin ya gudu gaba ɗaya. Da Hausa na yi ta zuba, har da kuka. Ba wanda ya ji ko kalma ɗaya, amma suna ta gyaɗa kai, kuma daidai inda ya kamata suke gyaɗawa. Da za mu tashi, Bamisren ya rubuta mini lambarsa ya ce, "In ta taso maka, kira ni kafin ka sha, ba bayan ka sha ba."

Ban daina nan take ba. Sau biyu ina komawa ruwa, sau biyu ina dawowa wurinsu da kunya, su matsa su ba ni kujera. Yau shekaruna da dama ban kurɓa ba, alhamdulillahi.

Abin da na koya shi ne, ba sai ka gane yadda taimako yake aiki ba kafin ka miƙa hannu. Ni har yau ban gane ba. Kwanaki matata ta sake tambayata, "Wai don Allah me kuke yi a can?"

Na ce, "Zama muke yi, kowa ya faɗi gaskiya."

Ta ce, "Shi ke nan?"

Na yi ta neman abin da zan ƙara, ban samu ba. Na ce, "Halas, in ji Larabawa. Shi ke nan."