Miyar Taushe a Barunde

Daga Agadas na zo Gombe karatun aikin jinya. Mahaifina yana da aboki tun zamanin da suke fataucin dabino tare, mutumin Borno, wanda rikici ya taso shi da iyalinsa suka kama gida a Barunde. A wurinsa aka sauke ni. Ina ce masa Baba, matarsa kuma Mama, yadda na ji 'yarsu tana kiransu. Ita 'yar sa'ata ce, ɗakinmu ɗaya.

Tun ina ƙarama nake da wata lalura: idan na ci gyaɗa sai jikina ya kumbura, maƙogwarona ya toshe. A gidanmu kowa ya sani, da man shanu ake mana girki, har na girma ban san ɗanɗanonta ba. Sai dai mu a can ba gyaɗa muke ce mata ba, gujiya muke cewa. Ranar da na iso, bayan na sha ruwa na huta, na durƙusa gaban Mama na ce, "Mama, don Allah ba na cin gujiya, tana sa ni ciwo."

Ta yi dariya ta ce, "Gujiya kuma? Kwantar da hankalinki, 'yata. Mu ma ba mu damu da ita ba, sai in masu talla sun kawo dafaffiya da kaka."

Hankalina ya kwanta. Ban san a Gombe gujiya wata aba ce daban ba, mai kwanso zagayayye, ba ruwanta da abin da nake tsoro.

Kwanakin farko Allah ya rufa asiri. Burabusko Mama take yi da miyar kuka, wani lokaci shinkafa da wake da manja. Ranar Juma'a, bayan Baba ya dawo daga masallaci, ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe don ta karrama ni. Muka zauna a tabarma ƙarƙashin rumfar kwano, ni da 'yarta a kwano ɗaya. Miyar ta yi kauri, ga kabewa ga yakuwa, ga wani garɗi da ban taɓa ji ba. Na ce wa Mama miyar ta yi daɗi, ta ƙara mini.

Da ƙaiƙayi a leɓe ya fara. Na ɗauka yaji ne, na kurɓi ruwa. Sai na ji harshena ya yi nauyi, kunnuwana sun ɗauki zafi. Na ajiye lomar da ke hannuna na ce, "Mama, da gujiya a miyar nan?"

"Babu ko ƙwaya. Gyaɗa ce kawai na niƙa."

"Mece ce gyaɗa?"

'Yarta ta dube ni kamar mai wasa, ta tashi ta ɗebo 'yan ƙwayoyi a tafin hannunta. Ina ganinsu na gane gujiyarmu ce. Na so in yi bayani, amma muryata ta shaƙe, numfashina ya koma fita da ƙara kamar usur. Na riƙe wuyana.

Mama ta yi salati ta jawo ni jikinta tana tofa mini addu'a. Baba ya fita ba takalmi ya tsayar da keke napep. Abin da nake tunawa a hanya shi ne kaina a cinyar Mama, rufin keken yana jijjiga, ni kuma ina jan iska ta wata 'yar ƙofa da take ƙara tsukewa. Mama tana ta maimaitawa, "Kar ki yi mini haka. 'Yar mutane, kar ki yi mini haka." Na yi tunanin mahaifiyata, da nisan hanyar da za a bi kafin labari ya kai mata.

A wani ƙaramin asibiti aka yi mini allura a cinya, aka sa mini ruwa. Numfashi ya dawo kaɗan kaɗan. Likitan ya ce da mun ƙara jinkiri da wani zancen ake yi, kuma karo na gaba zai iya fin wannan tsanani. A gabana ya faɗa.

Daga ranar na gane cewa garin da na zo karatu cike yake da abin da zai iya kashe ni. Ƙosan bakin makaranta da man gyaɗa ake soya shi. Yajin tsire ƙuli-ƙuli ne. Ɗanwake, kwaɗon zogale, awara, masa, duk inda na juya tana nan. Ko ƙamshin suya na ji a hanya sai in toshe hanci in ƙara sauri. A aji idan maƙogwarona ya ɗan yi ƙaiƙayi, sai in daina jin malami, in zauna ina sauraren numfashina. 'Yan ajinmu suna miƙo mini abinci ina ƙi, har suka fara cewa 'yar Nijar girman kai gare ta. Ayaba da dafaffen ƙwai na koma ci a makaranta, abin da zan ɓare da hannuna. Na rame har zanena ya daina zama.

Mama ta fi ni tsorata. Ta kwashe gyaɗa da man gyaɗa ta ba maƙwabta, ta sayi sabon turmi, ta sa aka wanke tukwane da toka. Idan maƙwabciya ta aiko da kwano, sai Mama ta tsare wanda ya kawo da tambaya. Da azumi ya zo, gidan da suka saba buɗa baki da kunun gyaɗa suka koma kunun tsamiya saboda ni. Ba wanda ya yi ƙorafi, amma na ga yadda Baba yake kallon kofinsa. Wannan ma ya zame mini wani tsoron: kada su gaji su ce a nema mini wani wuri.

Wata rana ina tsince mata shinkafa na ce, "Mama, ku riƙa yin kununku, ni sai in sha shayi."

Ba ta ɗago ba ta ce, "Lokacin da muka gudo, na baro mutane a hanya waɗanda ban iya yi musu komai ba. Ke kuwa a tabarmata kike ci. Tsince shinkafarki."

Bayan salla aka yi sunan jikar yayan Baba a Kwadon, muka tafi gaba ɗaya. Gida cike da mata, aka shigar da mu ɗakin wata tsohuwa, surukar gidan. Aka kawo masa da miyar taushe. Ina ganin kalar miyar na janye hannuna. Na ce na ƙoshi.

Tsohuwar ta ce, "Na ji labarinki. Ba wani ciwo, rashin sabo ne. Ci kaɗan yau, kaɗan gobe, jiki zai karɓa." Ta gutsuri masa ta tsoma a miya ta miƙo mini har bakina. "Haɗiye, jikata. Ba a ƙin hannun tsohuwa."

Matan ɗakin suka zuba mini ido. Bayana ya manne da bango, ina jin ƙamshin miyar, na kasa buɗe baki in ce a'a don kada ta tura mini. Hawaye suka zubo.

Sai hannun Mama ya shiga tsakani. Ta kama hannun tsohuwar cikin ladabi, ta sunkuya ta karɓe lomar da bakinta. Ta tauna ta haɗiye, ta ce, "Inna, na ci mata. Ni na ɗauke ta zuwa asibiti, na ga abin da idona. Ki yi haƙuri." Ta jawo kwanon gabanta ta cinye rabona da nata, tana yaba miyar, har tsohuwar ta saki fuska ta koma wata hira.

Da la'asar muka kamo hanyar Gombe, ban sa komai a cikina ba tun safe. A tasha Mama ta sayi rake. Kafin ta taɓa shi ta nemi ruwa da sabulu wurin wata mai abinci, ta wanke hannunta har gwiwa, ta kuskure baki. Sannan ta shiga mota ta zauna kusa da ni, tana fere raken tana miƙo mini gaɓa gaɓa.