Hayaƙin da Aka Ɗora wa Masu Burodi

Har yau ban manta da Talatar da muka tashi sama don mu gano ko hayaƙin wa ne ya rufe Zariya ba. Lokacin ina mataki na takwas a aikin gwamnati, ni ne mai kula da na'urorin awon iska a ɗan ofishinmu na Tudun Wada.

Ga waɗanda ba su san aikin ba: tauraron ɗan'adam yana wucewa ta kanmu bayan azahar, ya auna gurɓatar iska, a fitar da taswira. Amma daga can sama yake leƙowa. Zai gaya maka akwai hayaƙi da yawa, sai dai bai cika rarrabe na bakin ƙasa da wanda ke can ƙololuwa ba. Shi ya sa ake ɗora na'ura a ƙaramin jirgi, a shiga cikin iskar a shaƙo ta daidai lokacin wucewarsa, a gwada.

A makon nan taswira ta nuna ja wur a kan gari. Wani jami'in tsaftar muhalli ya zo da ita a hannu, ya sami shugabarmu, Dakta Rabi.

Ya ce, "Hajiya, takarda kawai nake so daga gare ku. Masu gidajen burodi da masu babbaka ne. Rufe su za mu yi."

Ta ce, "Alhaji, ka ba mu zuwa Talata. Ba na sa hannu a kan abin da ban auna ba."

Maganar ta taɓa ni. Maƙwabcina, Baba Tanimu, gidan burodi gare shi, magidanta da dama suna ci a ƙarƙashinsa. Ban gaya masa komai ba, amma a raina na riga na zaɓi amsar da nake so.

Ran Talata muka tashi mu uku: ni, da Dakta, da matuƙinmu Kyaftin Yohanna, mutumin Wusasa. Ƙa'idar ita ce jirgi ya riƙa hawa yana kewayawa a wuri ɗaya, bututun da ke gefensa yana zuƙo iska zuwa na'ura. A ƙasa-ƙasa, saitin Tudun Wada da Gyallesu, awon ya ɗan ɗaga, irin na kullum. Da muka ƙara hawa ya sauka, iska tas. Can sama, inda mota ta koma kamar tururuwa, sai lambobin suka yi tsalle.

Na ji daɗi, tunda hayaƙin masu burodi ba zai tsallake ƙasa ya taru a can ba. Kuma jin daɗin ne ya tsorata ni, domin jirgi mai kewayawa yana iya shaƙo hayaƙin injinsa.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ban yarda da wannan ba tukuna. Ina so in gwada na'urar da tukunyar gas."

Tukunyar tana ɗauke da iskar da muka san awonta. Idan na'ura ta karanta ta daidai, lafiyarta lau. Dakta ta dubi agogo.

Ta ce, "Malam Garba, tauraron ya kusa wucewa, kuma ba mu da wani tashin a watan nan."

Na ce, "Na sani. Amma abin da na fito ina fata ke nan, shi ya sa."

Sai ta ce wa Kyaftin ya daina kewayawa, ya miƙe ya fuskanci iska. Ya ce man zai isa, amma kada in yi nawa. Na juya famfon tukunyar. Na'ura ta karanta tukunyar daidai. Na mayar da ita kan bututun waje, lambobin suka koma inda suke, ba su sauka ba.

Kyaftin ya ce, "Ku dubi hagu."

Wani shimfiɗaɗɗen hayaƙi ne ruwan ƙasa, kwance kamar tabarma, ba a ganin ƙarshensa. A ƙarƙashinsa kuwa sarari garau.

Da muka bi sawun iskar a kwamfuta, muka ga kwana da kwanaki ta yi tana tafe daga ƙasashen da ake ƙona daji, nesa da iyakarmu. Tauraron bai yi ƙarya ba. Mu ne muka kusa yi masa mummunar fassara. Dakta ta rubuta hakan. Ta kuma rubuta cewa hayaƙin murhu yana cutar da masu aiki a bakinsa, a ɗaga musu bututun hayaƙi. Ba a rufe kowa ba. Baba Tanimu ya yi ta mita a kan gyaran, har ya rasu bai san abin da ya tsallake ba.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, kuna maimaita awo idan sakamako ya ɓata muku rai. Kowa yana yin wannan. Ranar da ya fito yadda kuke so, ranar ce za ku ɗauko tukunyar gas.