Tabo a Hantar Inna

Ni ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kuma yi mini magana ido da ido. In tana son ruwa sai ta dubi bango ta ce, "Gidan nan babu mai ɗebo ruwa ne?"

Ina ajin ƙarshe a sakandare ciwo ya kama ta a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Zazzaɓi ya ƙi sauka, ta daina bandar kifi, zanenta ya fara yi mata yawa. Baba yana can ƙasan tafki wajen su, inda waya ba ta shiga. Ƙanensa, Baffa, shi ke riƙe da gida.

Ni na raka ta asibiti a Yelwa. Mai hoton ciki ya shafa mata wani abu mai sanyi da yauƙi, ya riƙa goga kan na'urar yana cewa, "Inna, ja numfashi. Riƙe." A fuskar injin komai toka-toka ne, sai wani tabo mai duhu da bai wuce lemon tsami ba. Ya daɗe a kansa, sannan ya koma Turanci don kada ta ji.

"Ko ƙurji ne da bai nuna ba, ko ciwon daji. Wannan injin ba zai raba gardama ba, sai babban na Sakkwato. Kafin nan kada kowa ya taɓa wurin."

A gida na maimaita wa Baffa duka, ban rage ko kalma ba. Ya ɗauki wanda ya san maganinsa, ya bar ɗayan.

"Ƙurji? To mi za a kai Sakkwato? Ƙurji ai sakiya akan yi mishi." Ya naɗe wando ya nuna mini tabon cinyarsa, inda wanzami ya taɓa huda masa kumburi da ƙarfe mai zafi, mugunya ta fita, ya miƙe.

Da hantsi wanzami ya iso da zabirarsa. Gwaggo, yayar Baba, ta hura gawayi a ƙofar ɗakin Inna, aka cusa ƙarfen. Ina kallo bakinsa ya fara ja. Ban san lokacin da na tsaya a bakin ƙofar ba, na riƙe gefe da gefe.

"Baffa, don Allah. In ba ƙurji ba ne, jini zai tsinke a ciki, kuma babu mai iya tsayar da shi."

"Ku ji mini 'yar boko! Ke da ko gaisuwarki sai an kasa kunne, yau ke ce likita?"

"Matsa, ɗiyar nan," in ji Gwaggo. "Uwarki na ƙarewa, kina ja mana aya."

Gwaggo ma kuka take yi. Abin da ya fi karya ni ke nan, don babu mugu a cikinsu. Ni kuma ba ni da tabbacin komai, sai hoton da na gani. In Inna ta cika a hanyar Sakkwato, na san wa za a nuna da yatsa.

Na juya na durƙusa gaban tabarmarta, na yi abin da ban taɓa yi ba: na dube ta a fuska.

"Inna, ki ce wani abu."

Ta kau da kai. Na ɗauka shi ke nan. Can sai ta ce da bango, "Wadda ta ga abin da idonta, ita za a bi. A kashe wutar nan."

Tafiyar ta yi mana tsawo. Kowane rami motar ta faɗa sai Inna ta ciji gefen mayafi, jikinta kamar garwashi a kafaɗata. A Sakkwato aka sa mata ruwan allura a jijiya, aka tura ta cikin wani inji mai kama da bakin rijiya, ni kuma aka ce in jira a waje. Na karanta duk addu'ar da na sani, na sake daga farko.

Likita ya ɗaga hoton ya nuna mini zobe mai haske kewaye da tabon. Ƙurji ne. Ya kuma nuna wata babbar jijiyar jini da ta bi ta gefensa, na tuna ƙarfen wanzami. Suka zura siririyar allura ta tsakanin haƙarƙari suna kallon ta a fuskar inji, suka zuƙo mugunya ja-ja.

Na kira Baffa na gaya masa. Na ji yana jan hanci.

"To, ba sakiyar ce dai aka yi ba?"

"Ita ce, Baffa."

"Ta ci wani abu?"

Na waiwaya. Tana zaune, kofin kunu a hannunta.