Hula a Kan Kyamarar Tifa

Da mutum yana iya janye maganar da ya riga ya faɗa, da na janye wadda na yi a garejinmu ranar da aka sa wa tifofinmu kyamara. Na tsufa, na manta abubuwa da yawa, amma wannan ya ƙi barina.

A lokacin ni ne babba a cikin direbobin wani kamfanin gine-gine, muna ɗibar yashi da tsakuwa. Aka manna mana ƙananan kyamarori a gilashin gaba, suna ɗaukar titi suna ɗaukar direba. Raina ya ɓaci. Na ce ni da na yi furfura a kan sitiyari za a sa wa ido kamar ɓarawo? Na cire hulata na kifa a kan kyamarar, na ce kowa ya yi haka. Aka yi dariya, aka bi ni.

Mutum ɗaya ne ya yi jinkiri, wani direba ɗan Yakasai, magidanci mai 'ya'ya biyar. Ya ce, "Baba, ni ba ta dame ni ba. In goro nake ci, ta gani."

Na ce, "To, ɗan lelen manaja, ka bar taka a buɗe, mu a ce mu ne marasa gaskiya."

Kunyata ya ji, ya kifa tasa hular.

Wata rana da hantsi, wajen Ƙofar Na'isa, wani mai babur ya fito daga lungu a guje ya faɗa wa gefen tifar direban nan ɗan Yakasai, ya karye a ƙafa. Ina biye da tifar a tawa motar, na ga komai. A hankali direban yake tafiya, kuma ya taka burki. Amma in babbar mota ta haɗu da babur, jama'a ba sa tambayar waye da laifi.

A ofis manaja ya ce kada ya damu, kyamara za ta wanke shi. Aka kunna, sai duhu kawai da muryar rediyo.

Manaja ya ce, "Malam, wa ya ce ka rufe ta?"

Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ya ce, "Ni na ga dama, ranka ya daɗe."

Na san in na ce ina biye da shi na ga komai, za a nemi hoton tawa kyamarar, ita ma duhu za a tarar. Sai na ƙi ba da shaida. A ranar aka sallame shi, kuma babu kamfanin da ya sake ba shi mota.

Sai bayan na bar aiki na je har gida na nemi gafararsa. Ya ce ya yafe tun tuni. Amma yafiya ba ta maido masa da aikinsa ba.

Ina roƙon duk wanda ake jin maganarsa a wurin aiki, kada ya sa na ƙasa da shi abin da ba zai iya tashi ya ce shi ya sa ba.