Ɗan da Ba a Yi wa Baftisma Ba

Mahaifina makanikin injin ban ruwa ne. Aikin Bakolori ya kawo shi Talata Mafara daga kudancin Kaduna tun kafin a haife ni, kuma ko da ya yi ritaya bai koma gida ba. Mu 'yan Katolika ne, gidaje kaɗan a cikin gari. Shi ne katakis ɗinmu, mai koyar da addini da jan sujada idan Fada, limamin cocinmu, ba ya nan, kuma sau da yawa ba ya nan.

Ni ne ɗansa na fari. Na haddace tambayoyin addini tun ina ƙarami, na yi hidimar bagadi a coci, na ja mawaƙa shekara da shekaru. Ban taɓa jin ya ce mini madalla ba. In na yi daidai ya gyaɗa kai. In na yi tuntuɓe a karatun Lahadi kuwa, sai mun ci tuwon rana da zancen.

Akwai wani sa'ana daga Ruwan Gizo, Musulmi, manomin albasa. Injinsa ya fara kawowa gyara, daga baya ya zauna ya koyi aikin. Ni hannuna bai taɓa sabawa da sifana ba, koyarwa na bi. Shi kuwa daga ƙarar inji yake gane ciwonsa. Wata rana ina zaune a zaure na ji Baba ya ce, "Ɗana, zo ka ji wannan." Na miƙe da sauri. Ko kafin in kai ƙofa na ga manomin ya riga ya durƙusa kusa da Baba, kawunansu haɗe a kan injin, suna dariya. Na koma na zauna. Ba wanda ya lura na tashi.

Da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki ina koyarwa a Bakura, sai ƙarshen mako nake zuwa. Manomin kuwa kullum bayan La'asar yana nan. Shi ke yi masa aski, shi ke fito da shi ya sha iska. Wata Asabar na karɓi kwanon kunu zan ba Baba, ya kawar da kai.

"Kai gaggawa gare ka," in ji shi. "Ba shi."

Na miƙa masa kwanon na fita. Mama ta bi ni har bakin rijiya, ta ce, "Wai kai da girmanka?" Na ce mata ba komai, ta ce ai ba yau ta haife ni ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutumin bai taɓa ba ni dalilin ƙinsa ba. Yana ganina zai tashi ya ba ni wuri, ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyalina ɗaya ɗaya. Na yi ta neman laifinsa ban samu ba.

Bayan girbin albasa, motar da ya shigo daga Maradun ta kife a hanya. Nan take ya rasu, kafin Magariba an kai shi makwancinsa. Ni na kai wa Baba labarin, kuma ranar na fara ganin hawayensa. Ya kwana biyu bai ci abinci ba.

Ran Lahadi Fada ya kawo wa Baba jibi gida, wato gurasar nan mai tsarki da muke karɓa a coci. Da aka gama, Baba ya riƙe hannunsa ya roƙe shi a tuna da mamacin cikin addu'ar Mas, babbar sujadarmu. Ya ce, "Ina fatan in same shi can."

Ban san lokacin da maganar ta fito ba. Na ce, "Baba, ai ba a yi masa baftisma ba. Kai ka koya mana, ba ceto sai ta ruwa da Ruhu, kuma ba ceto a wajen Ikilisiya. Ko ba haka ka koyar ba?"

Baba bai dube ni ba.

Fada dattijo ne mai magana a hankali. Ya ce, "Malam, ba ka yi ƙarya ba. Baftisma ita ce ƙofar da aka nuna mana, wanda ya gane gaskiyarta ya ƙi shiga kuwa ba shi da hujja. Amma Ikilisiya ta koyar da saura. Wanda bai kai ga ganewa ba, ba da laifinsa ba, ya nemi Allah da zuciya ɗaya, ya bi abin da lamirinsa ya nuna masa, Allah na iya cetonsa ta hanyar da shi kaɗai ya sani. Kuma ko shi, ta wurin Almasihu ne. Mu aka ɗaure da baftisma, Allah bai ɗaure kansa ba."

Na ce, "To mene ne amfanin tawa?"

Ya ce, "Kyauta aka yi maka. In an yi wa wani ma, taka ba ta ragu ba."

Na san wannan koyarwa, na taɓa karanta ta. Ba rashin sani ya sa ni magana ba. Wuri ɗaya nake nema da zan kasance da Baba ba tare da mamacin ba, ko da a lahira ne, wannan ɗin ma Fada ya ce ba tabbas.

Washegari Baba ya ce in kai shi gaisuwa. Na samo mota, na ɗauke shi a hannu na sa shi ciki. A Ruwan Gizo mahaifin mamacin ya taso daga tabarma ya rungume shi. Sannan tsohon ya dube ni ya tambayi Baba, "Wanga hwa?"

"Babban ɗana ne," in ji Baba.

"Ashe kana da ɗiya namiji babba haka? Allah shi yi albarka."

Na amsa da amin. Na yi masa gaisuwa yadda ya kamata, na zauna a gefen tabarma har suka gama.

Bayan wannan na nemi a dawo da ni Mafara. Ni na yi jinyar Baba shekara biyun da suka rage masa, kuma na koyi rage gaggawa. Wani lokaci cikin ruɗewar ciwo yakan kira ni da sunan mamacin. Da farko nakan gyara masa, daga baya na daina, nakan amsa kawai. A watan Nuwamba, lokacin da muke addu'a domin matattu, ina rubuta sunayensu biyu a takarda ɗaya in kai coci. Na Baba nake fara rubutawa, kuma har yau sai na ɗan jima da biro a hannu kafin in rubuta na biyun.